Mai Gyaran Famfo Mai Tauraro Ɗaya

Shafi na 23

Masu cika min akwatin saƙo da "wai an kori Malama ko ba a kore ta ba", ku sassauta min, wayata ce ta faɗa bokitin wanki jiya. Ga shi ta bushe. Duk wadda ke karatun nan a wurin aiki ta rage sautin dariya, ba ni na aike ta ba.

*

Ƙarfe biyu saura kwata Malama ta shiga ɗakin taro rungume da kwamfutarta. Ta kashe wayarta ta jefa a jaka, ta zauna a kujerar da ta fi kusa da ƙofa. Shekara ashirin tana shiga aji mai yara sittin gabanta bai taɓa faɗuwa ba. Yau mutum uku kacal za ta tsaya a gabansu, amma tafin hannunta sai gumi yake.

Yau wata ukun gwajinta a kamfanin gina shafukan intanet suka cika. Hutun zango ɗaya da hedimasta ya ba ta shi ma ranar Litinin zai ƙare, kuma ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: ko ta dawo ajinta, ko ya ba wani. Wato idan aka tashi daga taron nan ba a ɗauke ta aiki ba, alli ne zai sake karɓar ta, shekara biyun da ta yi tana koyon rubuta manhaja a kan teburin kicin su zama labari.

Oga ta shigo. Shekarunta talatin, maganarta kaɗan, murmushinta ya fi maganar ƙaranci. Ta ajiye ambulan biyu a gabanta, ta ɗora jan biro a kansu, ta cire murfin ta sa a baki tana taunawa.

Malama ta kawar da kai. Ta san wannan taunar murfin biro ba tun yau ba, ta kuma san inda ta san ta. Wata uku ke nan tana haɗiye maganar.

"Kin goge mutanen gwaji, na bogin nan da ke cikin shafin?" Oga ta tambaya.

"Na goge, ranki ya daɗe. Jiya kafin a tashi."

"Kin ɗora sunayen 'yan ƙungiya na gaskiya?"

"Duka ɗari biyu da sha ɗaya."

Dogo ya ɗago daga bayan majigi yana warware waya. Shi ne babban mai rubuta manhaja a ofishin, mutumin da duk safiyar duniya sai ya zo da labarin sabon kayan aiki da ya fito jiya, wanda zai kashe na shekaranjiya.

"Oga, ki kwantar da hankalinki. Sabon tsarin da na haɗa, da kin amince da aiki, shi da kansa yake ɗora shi a saba, inda duniya za ta gan shi. Ba hannun mutum a ciki. Inda ba hannun mutum kuwa ba kuskure."

"Za mu gani," in ji Oga.

Tun daga matattakala suka jiyo dariyar Injiniya. Shi ne mai aikin, shugaban ƙungiyar masu gyara: masu famfo, masu lantarki, kafintoci, teloli. Shi ya ba da kwangilar shafin da mutum zai nemi mai gyara ta wayarsa, ya karanta abin da wasu suka ce game da shi, ya kira shi. Tsoho ne mai ƙaton gilashi da ƙaramar tsohuwar waya wadda aka ɗaure bayanta da roba. A zuwansa uku da suka wuce ko haƙorinsa ba wanda ya gani. Yau kuwa ya shigo yana share hawaye da hankici.

"Ku yi haƙuri, 'ya'yana," ya ce yana zama. "Tun safe nake fama. Kunna mana, Dogo, in gan shi a babban allo."

"Tun safe?" Oga ta cire murfin biro daga baki. "Baba, ai mun ce kada a ba kowa adireshin shafin sai an gama taron nan."

"Kun ce. Ni kuma na kasa haƙuri. Ƙarfe bakwai na tura a guruf ɗin ƙungiya."

Dogo ya danna. Allo ya kawo haske.

Shafin ya buɗe tas, cikin ƙiftawar ido, kore da fari kamar yadda aka tsara. Malama ta fara sauke numfashi. Sai idonta ya sauka a kan sunan farko.

Injiniya ya gyara gilashi ya karanta da ƙarfi, a hankali, yana ba kowace kalma haƙƙinta.

"Abban Yara. Mai gyaran famfo. Tauraro ɗaya cikin biyar. Sharhi: Wata takwas famfon kicin yana ɗiga, wata takwas yana cewa gobe. Na sa roba a ƙasa, ya ce robar ma ta yi kyau a wurin."

 Injiniya ne kaɗai kafaɗunsa ke rawa don dariya.

"Ja ƙasa, ɗana, akwai wanda ya fi."

Dogo ya ja ƙasa.

"Dogo. Mai gyaran lantarki. Tauraro biyu. Sharhi: Na kira shi ya canza min ƙwan fitila ɗaya, ya ce wayoyin gidan duka tsohon yayi ne, akwai sababbi da suka fito jiya. Yau sati uku muna cikin duhu, amma ya ce duhun na zamani ne."

"Ni?" Dogo ya nuna ƙirjinsa. "Ni ne wannan?"

"Akwai wani dogon a ɗakin nan?" in ji Injiniya. "Ja ƙasa."

"Kada ka ja," Malama ta ce.

Oga ta dube ta. Ta dubi Dogo.

"Ja."

"Oga. Tela. Tauraro uku. Sharhi: Ɗinkinta ba a magana. Sai dai ka kai yadi sau huɗu tana cewa a sake aunawa, kuma har yau ba wanda ya taɓa jin ta ce sannu da aiki."

A nan Malama ta gane abin da ta yi, ta kuma gane shi dalla-dalla, wanda hakan ya fi ciwo. Jiya da yamma taga biyu baƙaƙe ne buɗe a kwamfutarta, iri ɗaya sak: ɗaya na na'urarta, ɗaya na sabar da duniya ke gani. Ta rubuta umarnin gogewa, ta ga an rubuto mata an goge, ta rubuta umarnin ɗora sunaye, ta ga an ɗora, ta rufe ta tafi ɗauko yara tana jin kanta gwana. Ashe duk a tagar na'urarta ta yi. 'Yan ƙungiya ɗari biyu da sha ɗaya suna nan zaune lafiya a cikin kwamfutar da ke kan cinyarta, inda ba mai ganinsu. Mijinta kuwa yana can a bainar jama'a da tauraronsa ɗaya.

"Wa ya rubuta waɗannan?" Oga ta tambaya. Ba ta ɗaga murya ba. Ba ta taɓa ɗagawa ba, shi ya sa ake tsoronta.

Malama ta miƙe tsaye. Ta sha gaya wa yara cewa mai laifi a tsaye yake amsawa.

"Ni ce, ranki ya daɗe. Ni na rubuta, ni na kuma kuskure taga wajen gogewa. Tsarin Dogo ba shi da laifi."

"Na faɗa," in ji Dogo. "Hannun mutum." Ya juyo. "Amma Malama, duhun zamani? Ni da nake raba miki shayina?"

"Ka yi haƙuri, ƙanena. Ban taɓa zaton wani ido zai gani ba sai nawa."

"Ai na ba ki mutanen gwaji dubu ɗaya. Ƙirƙirarriyar basira ce ta zubo min su cikin minti biyu, da hotuna da komai. Me ya kai ki rubuta naki da hannu?"

"Ni ma shi nake son ji," in ji Oga.

Malama ta dubi ambulan biyun nan. Ta ce a ranta, tunda dai korar ce, gara a kore ta da bayani a baki.

"Mutanen Dogo sun yi kyau da yawa, ranki ya daɗe."

"Kamar yaya?"

"Duk dubun nan kowa yana da imel. Kowa yana da waya tasa shi kaɗai. Kowa ya yi murmushi a hoto, kowa tauraro huɗu ko biyar. Ni kuwa shekara ashirin ina cika fam ɗin iyayen yara, ban taɓa ganin mutane haka ba. Sai na ce bari in sa waɗanda na sani da halinsu, in ga ko shafin zai iya da su."

"Ya iya?"

"Bai iya ba. Ranar da na ba mijina tauraro ɗaya, shafin gaba ɗaya ya yi fari fat. Ba a taɓa gwada shi da ƙasa da huɗu ba."

Malama ta ci gaba.

"Sai na sa surukata a matsayin mai neman gyara. Ita idan ta danna abu ba ta ga ya motsa ba, sau biyar take dannawa, tana yi masa faɗa. Na danna irin nata. Masu famfo biyar shafin ya tura gida ɗaya."

Injiniya ya buga tebur. "Matata ce wannan. Wallahi matata ce."

"Na sa ƙannen babana biyu, kafintoci, waya ɗaya suke amfani da ita su biyun. Shafin ya ce lamba ɗaya mutum ɗaya, ya kori ƙaramin. Na sa maƙwabciyata da ba ta da imel, ya hana ta shiga. Na ari tsohuwar wayar mai gadi na buɗe shafin, sai da na ƙirga arba'in kafin hoton farko ya fito. Duk na gyara, ɗaya bayan ɗaya. Suna cikin tarihin aikin, kowanne da ranarsa."

"Na ga gyare-gyaren," in ji Dogo a hankali, yana sosa ƙeya. "Na ɗauka ke ce kike jan ƙafa da ƙananan abubuwa. Har na gaya wa Oga ba ki da sauri."

"Ka gaya min," in ji Oga. "Sau biyu."

Injiniya ya ɗaga tsohuwar wayarsa mai roba.

"To bari ni ma in faɗi tawa, tunda yau ranar tonon asiri ce. 'Yata," ya dubi Oga, "da niyyar janye aikin nan na kwana. Kamfani biyu sun yi mana shafi kafin ku. Masu kyau, abubuwa suna ta shawagi a allo. Ba wanda ya buɗe a wayar mutanena. Na ce na ukun ma haka zai zama, bari in tura musu da safe su gwada su kasa, in zo muku da hujja."

"Sai aka yi yaya, Baba?"

"Sai ya buɗe. A wannan," ya girgiza wayar, robar ta yi ƙara. "Wani tsohon kafinta da ko saƙo bai iya turawa ba ya kira ni yana dariya, wai ya ga telar da ba ta cewa sannu. Kafin ƙarfe tara matansu sun tura wa ƙawayensu, ƙawayen sun tura wa nasu. Shekara uku ina roƙon mutanen nan su buɗe shafi, yau su ke roƙona in sa sunansu."

Wani sanyi ya fara ratsa ƙirjin Malama. Bai kai ko'ina ba Oga ta tare shi.

"Wannan duk na ji. Amma bayanan gwaji sun fita duniya da sunan kamfanina a ƙasa. Yau barkwanci ne. Gobe idan shafin asibiti ne fa?"

"Haka ne, ranki ya daɗe."

"Lambobin wayar da ke jikinsu na waye?"

"Na bogi ne. Taki da ta Dogo duk sifili-sifili na jera."

"Duka na bogi?"

Malama ta mayar da ido kan kwamfutarta.

"Malama."

"Ban da ɗaya. Ina so in tabbatar saƙon yana isa waya da gaske, sai na sa lambar..."

Aka ƙwanƙwasa ƙofar gilashi.

Duk suka juya. Wani mutum ne tsaye, mai matsakaicin tsayi, sanye da farar rigar kemis wadda ta jiƙe sharkaf daga wuya zuwa ciki. Hannun rigar a naɗe. A hannun dama sifana, a hannun hagu waya, wayar kuma tana ta ruri.

Malama ta koma ta zauna ba tare da ta sani ba.

"Wane ne?" in ji Oga.

"Tauraro ɗaya," in ji Dogo cikin raɗa.

Mutumin ya turo ƙofa ya yi sallama da ladabi, ya gaida Injiniya har da rusunawa, ya gaida Oga, sannan ya dubi matarsa.

"Maman yara, wayarki a kashe."

"Muna taro ne, Abban yara."

"Na gani." Ya ɗaga tasa. "Kira arba'in da ɗaya tun ƙarfe bakwai da rabi. Ina auna wa mutum maganin tari, wata tana ce min bandakinta ya toshe. Na ce ni mai haɗa magani ne, ta ce ai ta ga sharhina, ta san ba ni da kirki, amma ni kaɗai ne mai famfon da lambarsa ke shiga a shafin, in daure in zo."

Injiniya ya kifa kai a tebur.

"Wani kuma bai ma da famfo. Ya kira ne kawai ya ce in ji tsoron Allah in gyara wa baiwar Allah nata."

"Ka yi haƙuri. Wallahi kuskure ne, ban..."

"Tsaya, ban gama ba." Wayar ta sake ruri, ya danne ta. "Ƙarfe sha biyu na bar wa abokin aikina kanti, na sayi wannan," ya ɗaga sifana, "na je gida. Na kalli bidiyo sau uku. Na manta ban rufe ruwa daga waje ba, shi ya sa kika gan ni haka. Amma famfo ya daina ɗiga. Robar ma na wanke na kife."

Ya ajiye sifanar a kan teburin taro, a tsakanin kwamfutoci.

"Na zo a gyara min taurarona."

Dogo ne ya fara fashewa, Injiniya ya bi shi. Malama ta rufe fuska da mayafi, dariya da kunya suna kokawa a cikinta. Ta leƙa ta gefen mayafin ta ga wani abu da ba ta taɓa gani ba a wata uku: gefen bakin Oga ya motsa.

"Nawa kake so, ɗana?" in ji Injiniya yana haki.

"Ko uku ma na gode, Baba. Na san wata takwas ba wasa ba ne."

"Idan kemis ta ishe ka, ƙungiya tana da fam."

Abban yara ya yi murmushi, sannan ya sassauta murya, ya dubi matarsa ita kaɗai.

"Ban zo da faɗa ba, Maman yara. Da farko na zo wuya, ba zan ɓoye miki ba. Har na fara rubuta miki saƙo mai zafi. Sai na ga wani ɗan rubutu a ƙasa, wai karanta sauran. Na danna."



Malama ta manta da dogayen sharhin nan sam. Kowane mutumin gwaji sharhi biyu ta yi masa: gajere a sama, da dogo a ɓoye a ƙasa, don ta ga ko akwatin zai ɗauki rubutu mai yawa bai fashe ba. Gajerun ta rubuta su da tsokana. Dogayen kuwa, da yake sai an cika layi goma, kuma ta tabbata ba mai karantawa, abin da ke ranta ta zuba.

"Shekara goma sha shida da aure," in ji Abban yara, "ban san kin lura ni ke cika miki fulas kafin ki zauna karatu ba. Ban san kin san na daina zuwa kallon ƙwallo ranar Asabar don in fita da yara ki samu shiru ba. Sai da na karanta a intanet, tare da mutanen gari." Ya share ruwan da ke ɗiga daga gemunsa, ko da yake ba duka na famfo ba ne. "Tauraro biyar kika ba ni a can. Na ƙasan ya ishe ni. Na saman ne dai abokaina suke turo min."

 Son mutumin nan ya cika wa Malama ƙirji, da jiƙaƙƙiyar rigarsa da komai.

"Wane na ƙasa?"

Oga ce. Ta ajiye murfin biro.

"Kowa yana da na ƙasa?"

"Ranki ya daɗe, gwajin tsawon rubutu ne kawai, ba wani..."

"Dogo, sauke shafin yanzu. Ka ɗora sunayen gaskiya daga kwamfutarta, ka kuma sa wa tagar saba jan launi, kada wani ya sake rikita su. Amma ka bar min kwafin tsohon a nan."

"Nawa na ƙasan fa?" in ji Dogo. "Me aka ce?"

"An ce kai ka zauna da ita kwana uku kana koya mata abin da ba aikinka ba, ba ka taɓa nuna ka gaji ba," in ji Abban yara. "Na karanta na kowa. Ina jiran ruwa ya tsiyaye."

Dogo ya fita yana gyara wuyan riga, ya manta da duhun zamani.

"Baba," in ji Oga, "a ba ku shayi a waje, kai da mai famfo. Minti goma."

Injiniya ya miƙe, ya dafa kafaɗar Abban yara. A bakin ƙofa ya juyo.

"'Yata, aikin naku na karɓa. Sauran magana taku ce, ba na shiga. Amma matar nan ta san mutanena tun ba ta gan su ba."

Ƙofa ta rufe. Suka rage su biyu, da sifana a tsakaninsu.

Oga ta juyo da kwamfutar ta tura gaban Malama. Shafin tela ne, an riga an danna karanta sauran.

"Karanta min."

"Ranki ya daɗe..."

"Da ƙarfi. Yadda na bayan aji zai ji."

Malama ta ɗago da sauri. Fuskar Oga ba ta nuna komai ba. Ta mayar da ido kan allo, ta fara.

"Tauraro biyar. Na san telar nan tun tana aji biyar, tana zama a layin ƙarshe kusa da taga, tana tauna murfin biro. Ba ta taɓa yin lissafi ta hanyar da na koyar ba, sai ta bi tata hanyar ta fito da amsa daidai, ni kuma in soke saboda ba haka ke cikin littafi ba. Ƙarshen shekara na rubuta a katin sakamakonta: Ba ta da kan lissafi, a nema mata wani abin. Yara sittin ne, na gaji, na rubuta na wuce. Yau ita ke duba aikina layi-layi, kuma ba ta taɓa soke min abu don ban bi hanyarta ba, sai dai ta ce in sake aunawa. Ina jin ba ta gane ni ba. Kullum da safe nakan ce yau zan ba ta haƙuri, kullum sai in ce gobe. Ashe ba mijina kaɗai ke da famfo ba."

Ta ɗauke ido daga allon. Majigi yana ta hurawa shi kaɗai.

Oga ta ɗauki ambulan na sama, ta buɗe, ta zaro wani kati da ya yi ruwan ƙasa don tsufa, an lanƙwasa shi gida huɗu har ya fara rabewa. Ta shimfiɗa shi a kan tebur ta goge da tafin hannu.

Malama ta ga rubutun hannunta na shekara goma sha tara da suka wuce, da jan biro, da sa hannunta mai wutsiya.

"Kin ce ban gane ki ba," in ji Oga. "Malama, wa kike zaton ya fara kiranki Malama a ofishin nan?"

"Ke ce..."

"Ranar da takardar neman aikinki ta zo, hoton kawai na gani na kira mamata na ce ta duba min ƙasan akwati. Da wannan katin babana ya cire ni daga darasin lissafi na yamma. Sai da na yi shekara uku ina satar littafin yayana kafin a mayar da ni."

"Ki yafe min, 'yata." Kalmar ta fito da kanta, ba ranki ya daɗe, ba komai. "Na zalunce ki."

"Wata uku ina jiran ki faɗa. Ashe kin faɗa wa akwatin gwaji."

Malama ta dubi ambulan na biyu, wanda har yanzu yake a rufe.

"Wancan fa?"

"Takardar ƙarshen gwajinki. Na cike komai, saura gurbi ɗaya a ƙasa: ra'ayin shugaba. Abin da na rubuta a wurin shi zai sa ki zo nan ranar Litinin ko ki koma wa hedimasta."

Daga waje aka jiyo wayar Abban yara ta sake ruri, da muryar Injiniya yana cewa a ba shi ya amsa.

"Kin san dokar ofishin nan," in ji Oga. "Wa ke gyara abin da ya ɓaci?"

"Wanda ya ɓata."

Oga ta ɗauki jan biron mai taunannen murfi, ta ɗora a kan tsohon katin, ta tura su gaban Malama.

"To bismillah. Ki soke wancan, ki rubuta abin da ya kamata ki rubuta wa yarinyar da ta bi tata hanyar."

Malama ta ɗauki biron. Shekara ashirin tana riƙe irinsa, yau ya yi mata nauyi. Ta ja layi a kan tsohon rubutun, ta kai bakin biron ƙasansa.

"A hankali, Malama."

Ta ɗago. A karo na farko Oga tana murmushi sosai, har da ɗan gibin nan na yarinyar layin ƙarshe. Ta buɗe ambulan na biyu, ta zaro takardar, ta sa yatsa a kan gurbin da ba komai.

"Ki auna kafin ki rubuta. Duk abin da kika sa a nawa, shi zan kwafa a naki, kalma da kalma."